Kafin a ɗora kaya, a dubi ƙafar mota

A tasha mukan daɗe muna ciniki kan kuɗin buhun albasa daga Galmi zuwa Yamai, amma ba kasafai Alhaji ko Hajiya ke sunkuyawa su dubi tayar motar da za su shiga ba. Alhali kuwa abin da ke taɓa kwalta a jikin tayar ƙaramar mota bai wuce tafin hannu ba. Kome ƙarfin birki, a nan yake kamawa.

Zanen taya shi ke korar ruwa da damina. In ya suɗe, direba zai taka birki, mota kuwa ta ci gaba da sulɓi. A Turai doka ta hana hawa tayar da zurfin zanenta ya kasa milimita 1,6, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake cirewa can su ne gwanjon da muke saye.

Zane mai kyau ma yakan ruɗi mutum, domin roba tana tsufa ta tsattsage. A gefen taya, bayan haruffan DOT, lambobi huɗu na ƙarshe suna faɗin shekarunta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Masu ƙera taya sun ce in ta kai shekara 10 a cire ta, ko da ba ta suɗe ba.

A zafin Afrilu da Mayu, tsohuwar taya mai ƙarancin iska, ga lodi ya wuce kima, ita ce ke fashewa ana tsakar gudu. Mai faci ya auna iskar da safe, kafin taya ta ɗauki zafi.