Tankar Yaƙi a Tafin Hannu

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a ƙauye ya san abin da yara suke yi da kaka, bayan an kwashe dawa an bar kara jibge a gona: sai su zaɓi masu kauri, su ɓare bayan su yi ƙusoshi da shi, su yanyanka laushin cikin, su harhaɗa mota da ƙafafunta da sitiyarinta, har wani mai basira ya yi mata ƙofar da take buɗewa, 'yan birni kuwa da gwangwanin madara da waya da tsohon silifa suke yin tasu. A wurinmu wannan wasan yara ne, da zarar yaro ya fara sanin ciwon kansa sai ya bar wa ƙannensa. To, a Ingila da Jafan da Jamus da Amurka da wasu ƙasashe masu yawa akwai dattawa masu furfura, cikinsu har da likitoci da malaman makaranta da tsofaffin ma'aikata masu cin fansho, waɗanda ba su bar wannan wasa ba, sai ma suka ɗaukaka shi ya zama fanni mai ƙa'idoji da littattafai da mujallu da gasa. Ɗaya daga cikin manyan rassansa shi ne ƙera ƙananan samfurorin motocin soja, watau tankokin yaƙi da motoci masu sulke da manyan motocin ɗaukar dakaru, kowace ba ta wuce a ɗora ta a tafin hannu ba.

Asalin abin ba shi da nisa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da masana'antu suka ƙware wajen narka roba su ɗura ta cikin mazubin ƙarfe, kamar dai yadda maƙeranmu suke zubin tukunya, sai wani kamfani na Ingila mai suna Airfix ya fitar da samfurin motar noma a 1949, daga nan ya shiga jiragen ruwa da na sama da motocin yaƙi, yana sayar da su gutsi-gutsi cikin araha don mai saye ya harhaɗa da kansa. A birnin Shizuoka na Jafan kuma akwai kamfanin Tamiya, wanda ya fara da yankan katako a 1946, daga baya ya koma ƙera samfurori, kuma shi ya kafa ma'aunin da galibin ma'abota wannan reshe suke bi yau, watau kashi ɗaya cikin 35. Yadda aka sami wannan adadi abin dariya ne, gama babu wani masanin hisabi da ya zauna ya zaɓe shi: a farkon shekarun 1960 kamfanin ya so ya yi tankar Jamus da ake kira Panther wadda za ta yi tafiya da batir, aka yi girmanta daidai yadda batura biyu za su shiga, da aka auna daga baya sai aka ga ta kama kashi ɗaya cikin 35 na ta gaskiya, shi ke nan aka zauna a kai, sauran kamfanoni suka bi sahu. Bisa wannan ma'auni, mutum mai tsawon mita 1.75 zai dawo santimita 5, tankar Tiger kuwa, wadda gangar jikinta ta ɗara mita 6 kuma nauyinta ya haura tan 50, za ta dawo kimanin santimita 18.

In mutum ya buɗe kwalin ba zai tarar da mota ba, sai ɓangarori ɗaruruwa maƙale a jikin wasu sandunan roba kamar 'ya'yan itace a reshe, kowane da lambarsa, tare da takardar da ke nuna tartibin haɗawa. Sai ya tsinke kowane, ya kankare bakin da reza, ya goge da samfefa, ya gwada shi a gurbinsa tun bai sa gam ba, domin gam ɗin nan ruwa ne mai narkar da fuskar robar har ɓangarori biyu su zama abu guda, kuma yatsa ɗaya da ya taɓa wurin tun bai bushe ba ya isa ya bar tambarin da sai an sha wahala kafin a kawar da shi. Inda haɗin ya bar tsaga sai a cike da fila, kamar yadda masu gyaran jikin mota suke yi. Abin da ya fi gwada haƙurin mutum shi ne sarƙar da tanka take tafiya a kanta, don a wasu kwalaye ɗai-ɗai ake kawo ƙwayoyinta, tamanin ko casa'in a kowane gefe, sai an jera su da matsefata, a lanƙwasa su bisa ƙafafun tun gam bai gama kamawa ba, a kuma tuna cewa sarƙar Tiger da ta T-34 ta Rasha kwanciya take yi daga sama saboda nauyinta, alhali ta Sherman ta Amurka a ɗame take.

Da an zo ga fenti, sai sana'ar hannu ta haɗu da binciken tarihi, gama wajibi ne mutum ya san shekarar motarsa da fagen dagar da ta je kafin ya buɗe kwalba. Alal misali, toka-toka mai duhu Jamusawa suke shafa wa motocinsu a farkon Yaƙin Duniya na Biyu, sai a watan Fabrairu na 1943 aka ba da umarni a koma rawaya mai duhu, aka kuma riƙa ba dakaru gwangwanayen kore da na ja mai kama da makuba, su tsinka da fetur ko da ruwa su yi wa motocinsu dabbare-dabbare da kansu, shi ya sa da wuya a sami biyu masu zane iri ɗaya. Akwai kuma wani yaɓe mai kaushi mai suna Zimmerit da suka riƙa yi wa tankoki daga 1943 don kada nakiya mai maganaɗisu ta manne, suka daina a watan Satumba na 1944. Duk wanda ya yi shi a jikin motar da aka ƙera bayan wannan wata, masana za su gane kuskurensa da kallo ɗaya. Da yake mafi yawan hotunan zamanin baƙi da fari ne, saɓani a kan haƙiƙanin launi ba ya ƙarewa, wannan ya kafa hujja da takardar umarnin soja, wancan ya kawo ɓallin fenti daga tsohuwar hular kwano, sai ka rantse malaman nahawu ne na Basra da Kufa. Masu hali sukan ɗauki tef da kyamara su tafi gidan ajiye tankoki na Bovington a Ingila, inda Tiger mai lamba 131 take, wadda aka kama a Tunisiya a watan Afrilu na 1943, ko na Saumur a Faransa, su yini suna ƙidayar kusoshi. Shi fentin kansa da wata 'yar bindigar feshi mai girman alƙalami ake fesa shi, shafi siriri bisa shafi siriri, don mai kauri binne kusoshin yake yi.

Amma duk wannan share fage ne. Motar da aka harhaɗa daidai, aka fente ta da sahihin launi, in aka ajiye ta haka nan tas-tas, ido ba zai yarda da ita ba, zai ce roba ce, kuma dalilin yana ga haske: a jikin babbar mota kowane tsagi yana da inuwarsa, kowane tudu yana da walƙiyarsa, amma in abu ya ƙanƙance sau 35 sai inuwar ta ɓace, dole mai aikin ya mayar da ita da hannunsa. Wannan shi ne matakin da za mu iya kira tsufantarwa. Sai a ɗebi fentin mai, baƙi-baƙi ko ruwan ƙasa, a tsinka shi da tina har ya zama kamar shayi marar madara, a tsoma bakin siririn burushi, a ɗan taɓa gindin kusa guda. Nan take za ka ga ruwan ya gudu da kansa ya zagaye ta, ya faɗa tsagin ƙofa ya bi shi har ƙarshe kamar ruwa a kwarin lambu, kuma kusar da ɗazu ba a ganinta ta fito ɓaro-ɓaro. Kishiyar wannan shi ne a ɗebi fenti mai haske, a goge burushin a tsumma har ya zama kamar ba komai a jikinsa, a riƙa shafar gefuna da shi sama-sama. Wani ɗan Beljiyam, François Verlinden, da wani Ba'amurke, Sheperd Paine, su ne suka shahara da yaɗa waɗannan dabaru tun shekarun 1970, daga baya mutanen Sifen, musamman Miguel Jiménez, suka yi suna da garin launi da ake barbaɗawa ya ba da kamannin ƙura da laka. Ɓallewar fenti da ɗan yagin soso ake ɗiɗɗiga ta, ƙyallin ƙarfen da ya sha goga kuwa da bakin fensir na makaranta. Har man feshin gashi na mata bai tsira ba: akan fesa shi tsakanin launi biyu, in na sama ya bushe a jiƙa shi da ruwa a kankare, sai ya ɓaɓɓalle kamar farar ƙasar da dakaru suke shafa wa tankoki lokacin ƙanƙara a Rasha.

Ƙa'idar da ta ɗaure dukkan waɗannan dabaru guda ce, watau kowane tabo sai da sababinsa, kuma ba a koyon sababin a littafi kamar yadda ake koyonsa a tashar mota. Mai karatu ya je ya tsaya kusa da wata tsohuwar gingimari da hunturu, ya dube ta da idon basira. Zai ga ƙura ta kwanta a saman komai ta taru a lunguna, amma gefen ƙofa, inda kafaɗar direba take goga, fes yake. Zai ga matakalar da karen mota yake hawa kullum fentinta ya cinye, ƙarfen yana ƙyalli babu tsatsa ko kaɗan, don ƙafa ba ta ba ta sukunin kamawa. Zai ga ƙarƙashin murfin tanki baƙin gas ya tsiyaya, ƙura ta manne a kansa ta yi kauri. Zai ga salansa ta yi jawur, saboda zafi ya ƙone fentinta tun da daɗewa. Zai kuma ga sawun ruwan damina ya sauko daga kowace kusa zuwa ƙasa. Wanda ya ga wannan ba zai ƙara zuba laka a rufin tankarsa ya bar ƙafafunta da tsabta ba.

A nan ne nake da ja da yawancin ayyukan da ake yabo yanzu, domin an wuce gona da iri wajen tsatsa. Da yawa daga tankokin Yaƙin Duniya na Biyu ba su yi shekara a fagen daga ba aka hallaka su, yaushe suka sami lokacin ruɓewa kamar abin da ya shekara goma sha a bola? Soja kuma, ko'ina yake a duniya, yana da sajen da ba ya barinsa ya zauna da dattin kaya. Na sha ganin hoton motar M113 ta Amurka an yi mata jar tsatsa daga sama har ƙasa, alhali gangar jikinta alminiyam ce. A kuma lura da hisabi: ƙarzanen da faɗinsa ya kai milimita 1 a jikin samfuri daidai yake da na santimita 3 da rabi a jikin mota ta gaskiya, wanda sai gatari zai yi shi. Masu wannan mazhaba suna cewa su masu zane ne, suna ƙara gishiri don abin ya fito a hoto; uzurinsu karɓaɓɓe ne muddin ba su ce tarihi suke yi ba.

Wanda yake so ya ƙera abin da ya shafi nahiyarmu ba zai rasa ba. Ana samun samfurorin Saladin da Ferret, motoci masu sulke na Ingila da sojan Nijeriya ya yi aiki da su a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Akwai kuma motocin Chevrolet na rundunar sintirin hamada ta Ingila, wadda ta taso daga Alƙahira, ta haɗu da dakarun Faransa da suka fito daga Cadi, suka kai hari Murzuk a watan Janairu na 1941, tsohon zangon fataken da suke ratsa Sahara tsakanin Tarabulus da Borno da Kano. Irin waɗannan motoci lodi ake yi musu har wuya, da buhuna da barguna da igiyoyi da jarkoki. Ita jarkar nan ma da muke ɗiban ruwa da ita ƙirar sojan Jamus ce mai cin lita 20, kuma sunanta ya samo asali ne daga laƙabin da sojan Ingila suke yi wa Jamusawa.

Musulmi mai tsantseni zai tambayi hukuncin abin. Galibin malamai sun tafi a kan halaccin suranta abin da ba shi da rai, kamar itace da gida da mota. Inda magana take shi ne 'yan gumakan sojoji da akan tarar a cikin kwali, gama malaman Malikiyya sun hana sura mai inuwa ta abu mai rai in gaɓoɓinta sun cika, sai 'yar tsanar yara mata da aka yi rangwame a kanta. Mota kuwa ba ta buƙatar su, ƙofa a buɗe da butar shayi a kan bonet sun isa su nuna cewa masu ita ba su yi nisa ba. Sai ihtiyaɗi ta fuskar lafiya: tina da gam suna da tururi mai illa, kada a yi aiki da su sai taga a buɗe, a kuma nisanta ƙananan ɓangarorin daga bakin yara.

In aiki ya kammala, bayan wata ɗaya ko uku, sai a nemo akwatin gilas a kife a kai, musamman a ƙasa irin tamu mai buji da hazo. Mutumin da ya ɓata makonni yana barbaɗa ƙurar ƙarya da bakin burushi, babu abin da yake tsoro kamar ƙurar gaskiya, don ita ba ta bin ma'auni: zare ɗaya na auduga in ya faɗa a kan bakin igwa igiya yake zama, tsakuwar rairayi kuwa ta zama dutse, sai a bi su ɗai-ɗai da matsefata ana tsincewa.