Motar Lantarki Da Jan Kaya: Ƙarfi Akwai, Cin Dogon Zango Ne Aiki

A watan Mayun shekarar 2018, a filin jirgin saman Melbon da ke ƙasar Ostareliya, an ɗaura wa wata motar lantarki ƙirar Tesla Model X jirgin Boeing 787 na kamfanin Qantas, mai nauyin tan 130, ta kuwa ja shi har kusan mita 300. An yi ta yayata wannan bajinta a duniya, amma a nawa ganin ba a nan gizo yake saƙar ba. Injin lantarki yana ba da ƙarfinsa gaba ɗaya tun daga tashi, don haka jan nauyi bai taɓa zame masa matsala ba.

Mai karatu, a Ingila da Jamus da Holan akwai al'adar da iyali kan ƙulla wani ɗaki mai tayoyi a bayan motarsu, wanda suke kira karaban, su tafi hutun bazara da gadonsu da murhunsu. A Amurka kuwa da akori-kura ake jan kwale-kwale da kejin dawaki. Waɗannan mutane su ne suka fi kowa ɗari-ɗari da motar lantarki, domin gwaje-gwajen da mujallun motoci suka yi sun nuna cewa da zarar an ƙulla karaban, tafiyar da caji ɗaya ke kaiwa takan ragu da kusan rabi. Motar da ke cin kilomita 400 ita kaɗai, da ƙyar za ta wuce 200.

Dalilin a fili yake. Lita ɗaya ta fetur tana ɗauke da makamashin da ya kai kimanin kilowat-awa 9, ke nan tankin lita 60 ya haura 500. Batirin babbar mota irin Kia EV9, wadda aka amince ta ja kilo 2,500, bai wuce kilowat-awa 100 ba. Abin da ke rufa wa motar lantarki asiri shi ne ba ta ɓarna, alhali injin fetur yana zubar da kusan kashi biyu cikin uku na makamashinsa a matsayin zafi. To amma mai ƙaramin guzuri, ko yaya aka ƙara masa baƙi sai tukunyarsa ta nuna. Bugu da ƙari, iska ta fi nauyi cin batir a babbar hanya, saboda karaban akwati ne mai faɗin goshi, kuma idan gudu ya ninka sau biyu, turjiyar iska sau huɗu take ninkawa. A nan maganar Hausawa ta sannu-sannu kwana nesa ta zama lissafin kimiyya.

Ita ma motar fetur shan manta yana ƙaruwa idan tana jan kaya, sai dai cikin minti biyar an cika tanki. Mai lantarki zai jira rabin sa'a ko fiye, kuma akasarin wuraren caji an gina su ne kamar wurin ajiye mota ɗaya. Dole direba ya kwance karaban, ya ajiye shi a gefe, ya yi caji, sannan ya dawo ya sake ƙullawa, wataƙila sau uku a yini ɗaya.

Kamfanoni sun bi hanyoyi daban-daban. A shekarar 2021 kamfanin Dethleffs na Jamus ya gwada karaban mai batir da injin kansa, wanda ke taimaka wa motar da ke jansa. Da shi wata Audi e-tron ta tsallaka tsaunukan Alps zuwa Italiya, tafiyar kilomita 386, ba tare da tsayawa caji ba. Shi kuwa kamfanin Ford, a Disambar 2025 ya sanar da daina ƙera akori-kurarsa F-150 Lightning mai lantarki zalla, yana mai cewa wadda za ta gaje ta za ta zo da injin fetur mai cajin batir a kan hanya.

Gwamnatin Birtaniya ta tsayar da shekarar 2030 don hana sayar da sababbin motoci masu amfani da fetur ko dizal zalla. Ban ga laifin manufar ba, amma sanya rana ya fi shirya wa ranar sauƙi. Kamata ya yi a wajabta gina wuraren cajin da mota za ta shiga da kayanta ta fita ta gaba, kamar gidan mai, a kuma tilasta wa kamfanoni bayyana nisan da motarsu ke kaiwa da kaya a bayanta. Manomi da makiyayi da magini ba don nishaɗi suke jan kaya ba, kuma su ne za su fara ɗanɗana kuɗarsu idan doka ta riga shiri isowa.