Kada Mangwaro Ya Ruɓe A Ƙasa: Yadda Ake Yin Jam A Gida

Duk wanda ya bi hanyar Funtuwa zuwa Birnin Gwari a watan Afrilu ko Mayu, ya tsaya a Dogon Dawa, ya san abin da muke nufi. Mangwaro ya zube a gindin itatuwa, ƙuda na bi, awaki sun ci har sun gaji. Bayan 'yan makonni kuma babu ko ɗaya. A shekarun da 'yan bindiga suka tare hanya, hasarar ta fi haka, gama motocin fatake ba su zuwa. A watan Nuwamba na 2024 aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan sulhu, mun kuwa gode wa Ubangiji. Amma ko hanya tana lafiya lau, nunannen mangwaro ba ya jiran mota. Kwana 3 ko 4 ya lalace.

'Yan'uwa mata da yawa sun tambaye mu yadda ake yin jam. Ga amsa.

Jam 'ya'yan itace ne da aka dafa da sukari har suka yi kauri, aka rufe a kwalba. Ba baƙon abu ba ne ƙwarai. Kakanninmu suna dafa ruwan ɗinya har ya zama maɗi, in ya ƙara daɗewa a wuta ya zama alewa. Dabarar ɗaya ce. Ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci suna bukatar ruwa. In an ƙone ruwan a wuta, sukari kuma ya riƙe sauran, sai su rasa wurin zama. Rufewa a kwalba da zafi kuwa, wani mutumin Faransa mai suna Nicolas Appert ya bayyana ta cikin littafinsa a 1810.

Abu uku ke sa jam ya kama: sukari, da tsami, da wani irin danƙo da ke cikin 'ya'yan itace, wanda masana ke kira fektin. A Ingila matan ƙauye sukan haɗa tuffa da wasu baƙaƙen 'ya'yan ƙaya da ke nuna a bakin gonaki da kaka. Dalili shi ne tuffa tana da danƙon nan da yawa, sai ta taimaki abokan dahuwarta. Mu ba mu noman tuffa, amma ba mu rasa madadinta ba. Gwaiba tana da danƙo, soborodo yana da danƙo da tsami duka. Nunannen mangwaro ne matalaucin, zaƙi kawai gare shi. Saboda haka a cikin mangwaro 4, ɗaya ya zama wanda bai gama nuna ba, a kuma ƙara ruwan lemon tsami.

Ku zaɓi masu lafiya. Wanda ya fashe a ƙasa ko tsutsa ta shiga, a bar wa awaki, sukari ba ya gyara ruɓa. Ku wanke, ku fere, ku yanka ƙanana. In irin mai zare ne, ku ɗan dafa shi da ruwa kaɗan ku tace da rariya, in ba haka ba zaren zai cika kwalbar. Sa'an nan ku auna da gwangwanin madara: gwangwani 4 na mangwaro, 3 na sukari, da ruwan lemon tsami babban cokali 4.

A nan za mu dakata a kan sukari, domin a nan mu kanmu muka yi kuskure. Farkon gwajinmu mun ga tsadarsa, muka rage shi da rabi, muka ce ai mangwaron ma da zaƙinsa. Kwalba 9 muka cika. Kafin wata ya ƙare dukansu sun yi furfura a sama, waɗansu har suna kumfa kamar burkutu. Sukarin da muka yi tattali bai fi wanda muka zubar ba, ga itacen wuta, ga wahalar yini guda. In sukarinku kaɗan ne, ku dafa kaɗan. Wadda kuwa ba ta da halin saye, ta yanka mangwaron sirara-sirara ta shanya a rana a kan tabarma mai tsabta, ta rufe da ƙyalle marar kauri saboda ƙuda. Wannan ba ya cin ko kwabo. Mazarƙwaila tana yi, sai dai jam ɗin zai yi duhu, ƙanshinta kuma ya danne na mangwaro.

Tukunya mai faɗi ta fi, domin ruwa ya yi saurin ƙonewa. Samira wadda fentin cikinta bai fashe ba ta fi tukunyar baƙin ƙarfe, gama tsami yana cin ƙarfe, abin ya yi baƙi. Kada ta wuce rabi, jam yana tashi. Ku dafa mangwaron ya yi laushi tukuna, ku zuba sukari da lemon tsami, kuna motsawa da muciya har sukarin ya narke sarai. Daga nan ku iza wuta. Kada ku daina motsawa, kada kuma yara su matso kusa da murhu. Tafasasshen jam ya fi tafasasshen ruwa zafi da kamar digiri 4, in ya fallatsa kuma manne wa fata yake yi.

Bayan kamar minti 20 ku fara gwadawa. Ku ɗiga kaɗan cikin kofin ruwan randa. In ya watse, da saura. In ya nutse a dunƙule ya zauna a ƙasa, ya yi, a sauke.

Maganar kwalba ita ce mafi nauyi a cikin takardan nan. Kwalbar gilashi mai faɗin baki da murfin ƙarfe ita ake nema, murfin kuma ba tsatsa ba lanƙwasa. Kada, kada ku yi amfani da kwalba ko galan da aka taɓa zuba maganin feshi ko maganin ciyawa a ciki, ko an wanke sau goma. Dafi ne, yana kisa. Ku wanke kwalabe da sabulu, ku tafasa su minti 10. Tun suna da zafi ku zuba jam mai zafi, ku bar wuri kaɗan a sama, bai kai faɗin yatsa ba. Ku share bakin, ku rufe. Ku shimfiɗa ƙyalle a gindin tukunya, ku jera kwalaben, ruwan zafi ya sha kansu, su tafasa minti 10 kuma. In sun huce, tsakiyar murfin zai lotsa ciki. Wadda murfinta bai lotsa ba, a fara shanye ta. Sauran a rubuta musu kwanan wata, a ajiye a wuri mai sanyi da duhu, za su kai watanni. Wadda aka buɗe, in babu firji, a gama da ita cikin 'yan kwanaki, da busasshen cokali mai tsabta. Wadda ta yi furfura ko murfinta ya kumbura, a zubar duka, ban da kwashe sama a ci ƙasa.

Wannan hanya ta 'ya'yan itace masu tsami ce kaɗai. Kada wata ta ce za ta rufe nama, ko wake, ko kuɓewa haka. Akwai ƙwayar cuta da ke rayuwa inda babu iska babu tsami, dafinta yana shanye jiki, ba lalle kuma a ji wari ba.

Gwaiba ba ta da wuya: a dafa, a tace da farin ƙyalle ba tare da matsewa ba, a dafa ruwan da sukari a kan awon nan na 4 da 3. Zai fito garau. Soborodo kuma yana zuwa wajen Nuwamba da Disamba, daidai da shirin Kirsimati. Ɗanyensa ya fi busasshe, ba ya kuma bukatar lemon tsami. A ganinmu duk ya fi kyan gani, ja wur a kan burodi ko waina.

Yara suna son cokali guda cikin koko ko kunu. Cokali guda ɗin ya isa, masu ciwon sukari kuwa su haƙura. Zumuntar Mata da ke so ta gwada, gara ta haɗa kuɗi ta sayi sukari da buhu tun kafin mangwaro ya nuna, a kuma fara tara kwalabe tun yanzu. In har abin ya kai ga sayarwa a kantuna da tambari, sai an yi rajista da hukumar NAFDAC.