Wasa Ko Sana'a? Abin Da Rayuwar Pironkova Ta Tuna Mini

A watan Satumba na shekarar 2020 jami'o'in ƙasar nan suna rufe, ga annobar korona ga kuma yajin aikin ƙungiyarmu ta malaman jami'o'i. Zaman gida ya yi mini yawa, har ya kai ina kallon abubuwan da a da ban damu da su ba. Wata rana na ci karo da gasar tanis ta US Open a talabijin, inda Serena Williams ta Amurka take karawa da wata mata 'yar ƙasar Bulgeriya mai suna Tsvetana Pironkova. 'Yata, wadda a lokacin take aji huɗu na firamare, tana zaune kusa da ni. Da ta ji mai sharhi ya ce matar tana da ɗa, sai ta juyo ta ce, "Baba, ita wannan ba ta da aikin yi ne, sai wasa?" Na yi dariya, amma daga baya dariyar ta koma tunani, domin kuwa yarinyar ba ta faɗi komai ba face abin da harshenta ya koya mata.

Ni ɗalibin harshe ne, kuma sana'ata ta saba mini da bin diddigin kalma kafin in yarda da ita. Mai karatu ya dubi kalmar "wasa" a bakin Bahaushe. Idan muka ce abu "ba wasa ba", muna nufin yana da muhimmanci. Idan aka ce yaro "yana wasa da karatu", sakaci ake nufi. "Abokin wasa" shi ne wanda ba a riƙe maganarsa a zuciya. Ke nan kusan duk inda kalmar ta faɗo, kishiyar abin kirki take nunawa. To da wannan kalma ɗin ce muka fassara wani fage da a duniyar yau yake ciyar da dubban iyalai, yake da makarantu da likitoci da lauyoyinsa. Mun sanya wa abin suna tun kafin mu san shi, sunan kuma ya yanke masa hukunci. Don haka nake so mu bi rayuwar wannan baiwar Allah daki-daki, mu ga ko kalmar ta dace da ita.

An haifi Pironkova ranar 13 ga Satumba, 1987, a birnin Plovdiv na Bulgeriya, ƙasar da ƙidayar 2021 ta nuna tana da mutum kimanin miliyan 6.5, wato ba ta kai yawan da aka ƙidaya a Jihar Kano tun a 2006 ba. Mahaifinta tsohon zakaran tseren kwale-kwale ne, mahaifiyarta kuma ta yi suna a ninƙaya. Uban ne ya fara koya mata riƙe madokin ƙwallo tana 'yar shekara huɗu, kuma shi ya ci gaba da zama mai horar da ita har ta girma. Wannan batu ne da zan dawo kansa, domin shi ne ginshiƙin labarin.

Yana da kyau a fahimci yadda wannan sana'a take tafiya. 'Yar wasan tanis ba ta da albashi kamar ɗan ƙwallon ƙafa da kulob ya ɗauka. Ita ke biyan kuɗin jirgi da masauki da ladan mai horarwa, kuma abin da za ta samu ya danganta ne da zagayen da ta kai a kowace gasa. Ana fara tara maki daga ƙananan gasanni, inda sau da yawa kuɗin da aka ci ba ya mayar da kuɗin tafiya. Makin da aka samu kuma yana zubewa bayan mako 52, sai an sake nemo wani. Wanda ya san fatauci zai gane wannan tsari, domin bai da bambanci da na ɗan kasuwar da ke bin kasuwannin ƙauye da jarinsa, yau riba gobe faɗuwa, har Allah Ya kai shi babbar kasuwa irin ta Shinkafi.

A 2005 Pironkova ta kai zagayen kusa da na ƙarshe a gasar Istanbul, inda Venus Williams ta fitar da ita. A watan Janairu na 2006, tana da shekara 18, ta rama a zagayen farko na babbar gasar Ostareliya. A 2010, tana matsayi na 82 a duniya, ta sake doke Venus a Wimbledon da ci 6-2 da 6-3, ta kai zagayen kusa da na ƙarshe. A 2011 ta kuma doke ta a filin nan dai, da irin wannan ci ɗin. Duk da haka matsayi mafi girma da ta taɓa hawa shi ne na 31, kuma kofi ɗaya tak ta ɗauka a manyan gasannin hukumar tanis ta mata, wato WTA: na Sidni a 2014, wanda ta faro daga wasannin share fage, ta kayar da mata uku daga cikin goma na farko a duniya. Na zaɓe ta ne da gangan saboda ba ita ce gwanar gwanaye ba. Ma'aikaciya ce mai naci, irin wadda ake samu a kowace sana'a, ta ci abinci da guminta fiye da shekara goma sha biyar.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da ya biyo baya. Ta yi aure a 2016, ciwon kafaɗa ya dakatar da ita bayan Wimbledon ta 2017, ta haihu a 2018. Shekara uku ba ta buga gasa ko ɗaya ba. Daga 2019 hukumar WTA ta faɗaɗa dokar da ke adana wa mace matsayinta idan ta tafi haihuwa, har tsawon shekara uku. Da irin wannan matsayi da aka adana ne ta shiga US Open ta 2020, ta kayar da Garbiñe Muguruza, wadda ta taɓa zama ta ɗaya a duniya, ta kai cikin takwas na ƙarshe. Uku daga cikin takwas ɗin nan iyaye mata ne: ita da Serena da Victoria Azarenka. Serena ce ta yi nasara a wasan da muka kalla, bayan Pironkova ta cinye zangon farko. Ladan kaiwa wannan zagaye a shekarar dala 425,000 ne. Ina roƙon mai karatu ya auna wannan da albashin farfesa a jami'ar Nijeriya, sannan ya sake gwada kalmar "wasa" a bakinsa.

Ba daga sama ta faɗo ba. Kafin ita akwai 'yan'uwan juna uku daga birnin Sofiya, Manuela da Katerina da Magdalena Maleeva, waɗanda mahaifiyarsu Yulia Berberyan, zakarar Bulgeriya har sau tara, ta horar da su da hannunta a zamanin mulkin kwaminisanci, lokacin da fita waje ma sai da izini. Manuela ta kai ta uku a duniya a 1985, ta samu tagulla a wasannin Olamfik na Seoul a 1988. Katerina ta kai ta shida, Magdalena ta kai ta huɗu. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A wajen ɗalibin harshe akwai ɗan abin sha'awa a sunayen: namiji Maleev ko Pironkov, mace Maleeva ko Pironkova, wato wasalin "a" a ƙarshe shi ke nuna mace, kamar yadda akasarin sunayen jinsin mace suke ƙarewa a Hausa. Amma darasin da ya fi wannan shi ne, a gidaje biyun nan babu inda gwamnati ko wani baƙo ya ƙwace yarinya daga hannun iyayenta. Uwa ce a can, uba ne a nan, suka tsaya a kan 'ya'yansu.

Wannan ne ya mayar da ni gida, Birnin Tsaba, a farkon shekarun 1990, muna ƙarƙashin tsohuwar Jihar Sakkwato. A ajinmu na firamare akwai wata yarinya da babu namijin da ke kamo ta a gudu. A carafke kuwa hannunta da idonta kamar an ɗaure su da zare ɗaya. Malaminmu ya je har zaure ya roƙi mahaifinta ya bari a kai ta gasar makarantu. Dattijon, mutumin kirki ne mai son 'yarsa, ya saurare shi da kyau, sannan ya ce, "Malam, na kawo maka ita ta yi karatu, ba wasa ba." Maganar ta mutu a nan. Ba na cewa da ta zama zakarar duniya. Abin da nake cewa shi ne babu wanda zai taɓa sani, har ita kanta.

Abin mamaki shi ne Bahaushe bai jahilci neman abinci da ƙarfin jiki ba. Dambe sana'a ce da aka san mahauta da ita, tana da makaɗanta da iyayen gidanta, kuma sunan Shago ya ratsa ƙasar Hausa ta bakin Ɗan Anace. A Jamhuriyar Nijar kokawa ita ce wasan ƙasa, kowace shekara jihohi na fafatawa a kan takobi. Ashe idan namiji ne mun san yadda za mu raba wasa da sana'a. Idan mace ce, gaɗa da carafke da 'yar gala-gala suna ƙarewa ranar da aka ce ta girma, ba tare da wani abu ya maye gurbinsu ba, sai zama, sai ƙiba da hawan jini da ciwon sukari su biyo baya tun ba a tsufa ba.

Na san abin da wasu za su ce, kuma ba zan raina shi ba. Na farko, wa ke maganar tanis a yankin da hanyar Ƙaura Namoda zuwa Shinkafi ko Zurmi ta zama abin fargaba, a jihar da aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a watan Fabrairu na 2021, aka kuma rufe makarantu a watan Satumba na shekarar? Gaskiya ne, tsaro ne kan gaba. Sai dai yaran da suka tashi cikin jin ƙarar bindiga su ne suka fi bukatar fili mai katanga inda za su yi gudu su yi dariya, kuma makarantar da yarinya ke ɗokin zuwa ta fi riƙe ta.

Na biyu, sutura da cuɗanya. Wannan damuwa ce ta gaskiya, ni ma uba ne. Amma addininmu bai hana mace motsa jiki ba, domin ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita. Dokokin duniya ma sun sassauta: hukumar FIFA ta amince da rufe kai a 2014, ta ƙwallon kwando ta bi sahu a 2017, Ibtihaj Muhammad ta Amurka kuma ta ci tagulla a wasan takobi a Rio a 2016 da hijabinta. Ban manta ba cewa Faransa ta hana 'yan wasanta sanya shi a Olamfik ta 2024, don haka gwagwarmayar ba ta ƙare ba. Amma ƙofar ba a kulle take ba kamar yadda muke zato.

Na uku, tsada. Tanis na cin kuɗi, ba ni musu. Ba ina kira ne a gina filin ciyawa irin na Wimbledon a Birnin Tsaba ba. Gudu da tsalle da ƙwallon tebur da badminton ba su bukatar abin da ya fi ƙarfin makarantar mata. Chioma Ajunwa da tsalle ta kawo wa Nijeriya zinare a Atlanta a 1996, Tobi Amusan da gudun tsallake shinge ta kafa tarihin duniya a 2022. Shi kansa tanis ɗin ba baƙo ba ne a Arewa, tunda Kano ta daɗe tana karɓar gasar Dala. Ons Jabeur ta Tunisiya, Musulma 'yar Afirka, ta kai wasan ƙarshe na Wimbledon a 2022 da 2023.

Kirana ga irinmu ne, mu da muka yi boko muke karanta wannan shafi. A Gusau akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya da aka kafa domin mata. Me zai hana Gwamnatin Zamfara ta haɗa kai da ita wajen samar da malamai mata na motsa jiki ga kowace makarantar 'yan mata, a kuma tsara gasa ta mata zalla, 'yan kallo mata, alƙalai mata? Masu makarantun kuɗi su daina mayar da filin wasa wurin ajiye motoci. Mu kuma iyaye mu tuna cewa itace tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: mahaifin Pironkova bai jira ma'aikatar wasanni ba. Dokar nan ta adana wa mai jego matsayinta kuwa, ta cancanci a yi nazarinta a jami'o'inmu da asibitocinmu da ma'aikatunmu, inda mata da yawa ke barin aiki bayan haihuwar fari, ba su sake dawowa.

A ranar nan na ba 'yata amsa a taƙaice, na ce mata aikinta ke nan, da shi take ciyar da ɗanta. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To me ya sa ake ce masa wasa?" Har yau ina neman kalmar da ta fi dacewa, kuma ina gayyatar 'yan'uwana masana Hausa a Kano da Sakkwato da Zariya su taya ni nema. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya.