Muhimmancin Kai Jita Wurin Gwanin Gyara a Kan Kari

A shekarun da na yi ina aikin gwamnati, an taɓa damƙa mini kula da wani ɗakin ajiya mai ɗauke da kayan kiɗa, wato goge da garaya da molo da gurmi, da kuma jita huɗu da aka sayo domin koyar da ɗalibai. Bayan hunturu biyu, uku daga cikin jitocin nan suka tashi daga aiki. Babu wanda ya yar da su ƙasa. Abin da ya kashe su shi ne ba a taɓa kai su wurin mai gyara ba. Wannan asara ce ta sa na ga ya dace in yi wa malaman makaranta da dattawanmu bayanin abin da na koya daga baya.

Da farko dai, jita da itace ake yin ta, shi kuwa itace yana shan danshin iska yana kuma fitar da shi. Masu ƙera jita sun fi son danshin ya tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A ƙasar Hausa kuwa, da hunturu yakan sauka ƙasa da kashi 20, sannan a watan Agusta ya haura kashi 70. Saboda haka da hunturu itacen yakan tsuke, fuskar jitar ta tsage, bakin ƙarafan da aka gicciya a wuyanta su fito suna yankar yatsa. Da damina sai itacen ya kumbura, tsirkiyoyi su yi nisa da wuya, su kuma yi tsatsa. Bugu da ƙari, tsirkiyoyin ƙarfe shida na jita suna jan wuyanta da ƙarfin da ya kai kimanin kilo 70, dare da rana.

Aikin gwanin gyara ya kasu kashi uku. Na farko, yana duba miƙewar wuya. A cikin wuyan akwai wata sandar ƙarfe da ake murɗawa da mabuɗi, kaɗan-kaɗan, domin ta yi gogayya da jan tsirkiyoyi. Ɗaya daga cikin jitocinmu a nan ta halaka, domin wani mai karambani ya yi ta murɗa sandar har ta karye. Na biyu, yana daidaita tazarar tsirkiya da wuya, wadda a kan ƙarfe na 12 ba ta cika wuce milimita 2 zuwa 3 ba. Idan ta yi yawa, yatsun yaro za su yi ciwo har ya tsani darasin. Idan ta yi kaɗan, sai sauti ya riƙa kurman ƙara. Na uku, yana gwada gaskiyar sauti. Ƙarfe na 12 yana daidai tsakiyar tsirkiya, don haka dole amon da ya bayar ya dace da na sakakkiyar tsirkiyar, sai dai ya fi shi sama. In bai dace ba, sai gwani ya gyara jakin da tsirkiyoyi suka hau. Ina kuma jan kunne cewa kada a ɗaura tsirkiyar ƙarfe a jitar da aka ƙera domin ta roba, domin tana iya tumɓuke jakin.

Wannan kulawa ba baƙuwa ce ga makaɗanmu ba. Mai goge ya san lokacin da zai shafa wa izga ƙaro, ya san kuma idan fatar guza ta saki da damina sai an ɗan gasa ta kafin ta yi amo. Kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, gwangwani ne da aka rufe da fata, da tsirkiya ɗaya tak, amma ya zaga duniya da shi. Kayan kiɗanmu na gado sun zo mana tare da ilimin gyaransu. Ita kuwa jita, mun karɓi kiɗanta, mun bar gyaranta.

Shawarata ga malamai ita ce a kai kowace jita wurin gwani sau biyu a shekara, wato farkon hunturu da farkon damina. A ajiye ta cikin akwatinta, nesa da rana da bayan mota. Da hunturu a sa ɗan jiƙaƙƙen soso cikin roba mai huji a cikin akwatin, ba tare da ya taɓa itacen ba. Duk makarantar da ta ware kuɗin sayen jita, to ta ware na gyara. Dattawa kuma su ƙarfafa wa matasa gwiwar koyon wannan sana'a, domin masu ita ba su da yawa a garuruwanmu. Hausawa dai sun ce rigakafi ya fi magani.