Daga Galmi zuwa Kara-Kara: fina-finan gaskiya da ke ba da labarinmu da bakinmu

Duk wanda ya taɓa zaman zango, a Abijan ne ko Kumasi ko Yawunde, ya san abin da waƙar gida ke yi wa baƙo idan ta faɗo masa a kunne da dare. A kan wannan ne Sani Elhadj Magori, ɗan garin Galmi na jihar Tahoua a Nijar, ya gina fim ɗinsa Koukan Kourcia da ya fito a 2010. Fim ɗin na cikin waɗanda masu jin Faransanci ke kira documentaire, mu kuma muke ce musu fina-finan gaskiya.

Bambancinsu da fina-finan Kano da muka saba kallo a fili yake. Babu 'yan wasa, babu labarin da aka ƙaga. Mai shiryawa yakan zauna da mutane wata da watanni, wani lokaci shekaru, yana ɗaukar zancensu da aikinsu da shirunsu. Daga baya ya tace sa'o'i masu yawa ya fitar da kamar awa ɗaya ko ɗaya da rabi. A nan ne ya kamata mai kallo ya lura: abin da aka nuna ya faru, amma wani ne ya zaɓi abin da za a gani da wanda za a bari. Saboda haka tambayar farko ga kowane irin wannan fim ita ce, wa ke riƙe da kyamara, kuma mene ne haɗinsa da mutanen?

Da can amsar ita ce Bature. Jean Rouch, Bafaranshen da ya daɗe yana aiki a Nijar, ya ɗauki 'yan ci-ranin ƙasar a Akara cikin Les Maîtres fous na 1955, sannan a unguwar Treichville ta Abijan cikin Moi, un Noir na 1958. Ayyukan nasa sun buɗe hanya, har Oumarou Ganda da ya fito a na biyun ya zama babban mai shirya fim. To amma ido na baƙo ne. Abin da ya sake a yau shi ne 'ya'yan gida ke ɗaukar gidansu, mutane kuma na magana da harshensu, fassarar Faransanci tana bi a ƙasan allo.

A Koukan Kourcia, Magori ya nemi wata tsohuwar zabiya mai suna Hussey. A shekarun 1970 waƙoƙinta sun zuga samari da dama suka bar ƙauye suka tafi biɗa ƙasashen bakin teku, wasunsu ba su dawo ba. Mahaifin Magori na cikin waɗanda suka yi zamansu a Abijan. Sai ɗan ya roƙi zabiyar ta bi shi har can, ta yi waƙar da za ta kira mazan gida, tunda muryarta ce ta kore su. Kukan kurciya jawabi ne, in ji Hausawa, mai hankali ke ganewa. Fim ɗin ya nuna cewa waƙa a wurinmu tana iya raba mutum da garinsu, ya kuma nuna halin matan da aka bari suna jira. Kafin wannan, a 2008, Magori ya yi Pour le meilleur et pour l'oignon, inda auren wata budurwa a Galmi ya rataya a kan yadda albasar mahaifinta za ta yi kuɗi. Wanda ya karanci aikin gona kamar Magori, ya kuma tashi cikin manoman albasa, shi ke iya ganin wannan haɗi tsakanin kasuwa da ɗakin amarya.

Aïcha Macky, haifaffiyar Damagaram da ta karanci ilimin zamantakewa, ta taɓa abin da ake jin nauyin faɗa. Fim ɗinta L'Arbre sans fruit na 2016 kan rashin haihuwa ne, kuma da kanta ta fara, tana magana da mahaifiyarta da ta rasu wajen haihuwa. Ta nuna yadda ake ɗora wa mace laifin ita kaɗai, alhali sau da yawa ba a ko duba mijin ba. A shekarar ya ci kyautar AMAA ta fim ɗin gaskiya mafi kyau a Afirka. A 2021 ta fitar da Zinder, wanda ta ɗauka a Kara-Kara, unguwar da a da ake ware kutare da marasa galihu. Ta shiga cikin gungun samarin da ake kira palais, masu ɗaga ƙarfe da kowa ke tsoro. Wani ya tuba ya koma kabu-kabu, wani na fasa-ƙwaurin man fetur daga Najeriya, wani na neman kafa kamfanin gadi. Ba ta wanke su ba, ta dai bari mun ji yadda rashin makaranta da rashin aiki da ƙyamar jama'a suka haifar da su.

A fagen siyasa, Mahamat-Saleh Haroun na Chadi ya zauna da waɗanda suka tsira daga gidajen yarin Hissène Habré, wanda ya mulki ƙasar daga 1982 zuwa 1990. An nuna fim ɗin a bikin Cannes a 2016, shekarar da wata kotu a Dakar ta yanke wa Habré ɗaurin rai da rai.

Sai dai akwai matsala. Kuɗin shirya irin waɗannan ayyuka yawanci daga asusun Turai da gidajen talabijin na waje yake fitowa, don haka can ake fara nuna su, sai kuma bukukuwa irin FESPACO na Wagadugu. Gidajen sinima na garuruwanmu kuwa akasari sun rufe. Sakamakon haka ɗalibi a Faransa kan riga ɗan Galmi ganin labarin Galmi. Ƙungiyar Cinéma Numérique Ambulant, mai kai majigi ƙauyuka a Nijar da Chadi da Kamaru da wasu ƙasashe, na rage wannan giɓi, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga mu mazauna wajen ƙasar Hausa, abin ya fi shafar mu. 'Ya'yanmu na tashi da Faransanci ko Larabci ko Fulatanci, Hausarsu na raguwa, labarin zuwan kakanninsu kuma na tafiya tare da tsofaffi. Ƙungiyoyin zango da sarakunan Hausawa da malaman makaranta na iya neman izinin masu fina-finan nan a nuna su a fili, a tattauna bayan an kalla. Matashin da ke da waya mai kyamara kuma zai iya farawa da kakarsa: ya tambaye ta wace hanya suka biyo, wace waƙa ake yi a ranar da suka baro gida.