Binciken da Ba Ya Kawo Tuwo Yau

Duk shekara ɗalibaina kan tambaye ni: "Malam, ina amfanin binciken da ba ya kawo tuwo?" Nakan ba su labarin Peter Higgs. A 1964, da lissafi kawai, ya yi hasashen wani ɗan mitsitsin abu da bai kai ƙwayar zarra ba. Sai a 2012 cibiyar CERN ta gano shi, bayan shekara 48. Ƙa'idar Einstein ta 1915 kan ƙarfin da ke jan abubuwa kuwa, da ita ake daidaita agogon taurarin ɗan'adam masu nuna mana hanya a waya. Har yau masana na fafutukar haɗa ƙa'idar nan da dokokin zarra. Ƙasar da ta ƙi ciyar da masu irin wannan nazari za ta dawwama tana sayen ilimin wasu.